Toshe tsagar tankin ƙasa da foliyuretan a Birnin Kebbi

Masu gidaje a unguwannin Birnin Kebbi da ke gangarawa fadama sun san wannan matsalar. Da ruwan Agusta ya kankama sai ruwan ƙasa ya taso, ya yi ta danna bangon tankin da aka haƙa har ya sami tsaga ya kutsa. Toshe irin waɗannan tsagogi ne sana'ata, kuma da foliyuretan na fi yi, wato wani magani mai ruwa-ruwa da ke daskarewa a cikin tsaga ya toshe ta.

Ba shafa shi ake yi kamar filasta ba. Nakan huda ramuka a gefen tsagar, a karkace wajen digiri 45, yadda kowane rami zai haɗu da ita a tsakiyar kaurin kankaren. In ɗaura ɗan bututun ƙarfe na ɗura magani a kowanne, in wanke ƙurar da ruwa, sannan in fara ɗura maganin da famfo daga ƙasa zuwa sama. Yana taɓa ruwa sai ya kumbura ya yi kumfa. Idan ka ga kumfa ruwan ɗorawa tana tsattsafowa ta saman inda kake, nan ya cika, ka matsa rami na gaba. Cikin mintuna ɗigon ya ɗauke, maigida ya ce, "Sannu da aiki, Malam, an gama ke nan?"

Ba a gama ba. Rani ne ke nuna ko aikin ya yi.

Maganin iri biyu ne. Akwai mai shan ruwa ya riƙe, akwai wanda ɗan ruwa kawai yake buƙata ya daskare, daga nan ba ruwansa da shi. Na farkon yana da kyau inda danshi ba ya yankewa. Mu kuwa daga Nuwamba har Mayu ƙasa bushewa take yi ƙayau, kuma na sha buɗe tankin da aka bari ba ruwa in tarar da maganin ya motse ya saki gefen tsagar. Shi ya sa a nan na fi amincewa da na biyun. Ko shi ma kumfar kaɗai ba ta ishe ni ba, don cike take da ƙananan ramukan iska. Idan ɗigon ya tsaya sai in sake bin ramukan da wani foliyuretan ɗin da ba ya kumfa, mai daskarewa kamar roba, wanda ke miƙewa ya dawo idan tsagar ta motsa da zafi ko hunturu.

Abin da nake faɗa wa kowane maigida tun kafin mu yi tsada shi ne, foliyuretan ruwa yake tarewa, ba ya mayar wa bango ƙarfinsa. Idan laka ce ke tura ginin, ko rodi ya yi tsatsa har ya fasa kankare, sai an kira injiniya tukuna. Tankin ruwan sha kuwa, ba na zuba masa komai sai na ga takardar kamfani ta nuna an amince da shi ga ruwan da mutane za su sha.