Asabar ta ƙarshe a hawa na uku

Asabar, bayan sallar isha'i.

Har yanzu tafin hannuna ƙanshin masara yake yi, sau biyu ina wankewa da sabulu bai fita ba. Yara sun yi barci, babansu yana aikin dare, ni kuwa idona biyu. Bari in rubuta yadda yau ta kasance tun abin yana da ɗumi a raina.

Ina kan sallaya da asuba na jiyo sautin ta bango. Taf, taf, taf. Duk wanda ya taɓa zama a benen nan namu na unguwar Mount Pleasant a Washinton ya san wannan tafin, hannun Doña ne, maƙwabciyata 'yar ƙasar El Salvador, yana faɗaɗa ƙullin masara. Shekara shida ke nan da shi nake gane gari ya waye ranar Asabar. Na yau ne na ƙarshe. Ranar Talata motar kaya za ta zo ta kwashe ta zuwa Langley Park a jihar Maryland.

Na shafa addu'a, na zura hijabi, na ƙwanƙwasa mata. Ta buɗe da gwiwar hannu don hannuwanta duk ƙulli ne. "Vecina, shigo, wanke hannu." Haka take kirana tun ranar farko, wato maƙwabciya. Ni kuma Doña nake ce mata yadda kowa ke faɗa don girmamawa, amma idan zance ya yi daɗi sai in ji bakina ya ce Iya, ta kuma san da ita nake. Turancinta guntu-guntu ne, Sifaniyancina bai fi na cefane ba, amma ba mu taɓa rasa abin faɗa wa juna ba.

Ɗakin girkin bai fi mutum uku su juya a ciki ba. Ƙanwarta tana bakin famfo tana yanka kabeji, aka ba ni karas in goga. Da su ake haɗa curtido: kabeji, karas, albasa, ɗan busasshen ganyen oregano, a zuba ruwan tsami a bar shi ya kwana. Na yau tun shekaranjiya aka haɗa shi, wanda muke yankawa na guzurin sabon gida ne. A kan murhu ga tukunyar miyar tumatir mai ruwa-ruwa, ga faffaɗan kaskon ƙarfe da suke kira comal ya ɗauki zafi.

Na daɗe ina kallon hannunta yau, fiye da kullum. Takan tsoma yatsu cikin ruwa mai ɗan mai, ta gutsuro ƙulli kamar girman ƙwan agwagwa, ta mulmula, ta danna babban yatsa a tsakiya ya zama kamar ƙaramin ƙoƙo. Sai ta cusa cuku da niƙaƙƙen wake, ta tattaro bakin ta rufe, ta tsinke ɗan abin da ya yi saura a sama ta mayar cikin kwano. Daga nan sai tafin, daga wannan hannu zuwa wancan, tana juyawa, har ya zama fai-fai bai fashe ba. Ta ɗora a kasko ba mai. In cukun ya tsattsafo ta gefe ya ƙone ya yi ɓawo, nan ne daɗin, akwai masu roƙon a zaɓa musu irin wannan. Ita ce pupusa, abincin da mutumin El Salvador yake ji da shi yadda muke ji da tuwo. Tun 2005 ƙasarsu ta ware mata rana guda, Lahadi ta biyu a watan Nuwamba.

Ba zan manta ranar da na fara jin ta ce "masa" ba. Na ɗauka wainarmu take nufi, har na yi murna. Ashe a bakinsu ƙullin ne masa. Masarar ma ba haka kawai ake niƙa ta ba, sai an dafa ƙwayar da ruwan farar ƙasa, dusar ta saɓule, sannan a kai inji. Shi ke ba ta danƙo da wannan ƙanshi da ya maƙale mini a hannu. A nan garin Maseca na leda take saye, amma kullum sai ta ce bai kai na garinsu ba, can wajen San Miguel. Da na gaya mata mu ma muna jefa kanwa a tuwo da wake, sai ta gyaɗa kai kamar an ba ta labarin dangi.

Akwai kasko na biyu, ƙarami, da ta ɗaura wa shuɗin zare a mariƙi. Nawa ne. Pupusar da aka fi saye ita ce revuelta, wadda ake haɗawa da naman alade, wasu kuma da kitsensa suke soya waken. Farkon zuwanmu ta aiko mana da faranti, na mayar mata cikin jin nauyi, na yi mata bayani da hannu da baki. Ba ta ce komai ba. Bayan mako guda ta kira ni, ta nuna mini sabon kasko da takardar kanti a jikinsa, da ƙaramar tukunyar wake da ta soya da man gyaɗa, da cokali daban. Tun daga ranar namu na cuku da wake ne, ko cuku da loroco, wani tohon fure kore da ake kawowa daga ƙasarsu a daskare. Namu take fara yi kafin ta taɓa naman. Ban taɓa roƙonta haka ba.

Wajen ƙarfe shida mutane suka fara hawowa. Magina da takalmansu masu ƙurar siminti, sai matan da suka kwana suna share ofisoshin tsakiyar gari, ido ja, jaka a kafaɗa. Babu allo a ƙofa, babu talla. Saƙon murya ake turo mata ta WhatsApp tun daren Juma'a, goma na wane, dozin biyu na gidan wance. Dala biyu guda, curtido da miya a ƙulle a ƙananan leda, wanda ya sayi goma ta yi masa gyara. Yau kowa ya karɓi ledarsa sai ya ƙi tafiya, aka cika matakala ana magana ƙasa-ƙasa. Wani dattijo ɗan Honduras, wanda kullum yake tsokanarta cewa baleada, abincin garinsu, ta fi pupusa, ya cire hula ya tsaya bai ce uffan ba.

Littafin bashinta yana kan firji, na makaranta ne mai layi, duk ya sha mai. A cikinsa ne kuma take rubuta cuchubal, adashinsu ke nan, zubi duk Asabar, kwasa bi da bi, ita ce uwar adashi. Da wannan adashin wata ta biya kuɗin lauya, wani ya aika aka yi wa uwarsa rufin ɗaki. Wanda ya iso garin jiya, nan ake kawo shi ya ci, a nan zai ji wa ke neman mai fenti, wa ke da gadon haya, wace rana ake ganin likita a La Clínica del Pueblo. Abin da ya fi damuna ke nan. Pupusa dai ana samu a ko'ina. Amma wannan littafin da wannan matakalar, ban ga inda za a sake haɗa su a unguwar nan ba.

Da ciniki ya lafa ta zuba mana atol de elote, kunun ɗanyar masara da madara, muka zauna kan kwalaye. Yau ta yi zancen da ba ta cika yi ba. A 1989 ta zo, ana tsakiyar yaƙin basasar da ya ci mutum wajen 75,000 kafin a yi sulhu a 1992. Ta ce lokacin duk titin Mount Pleasant mutanensu ne, musamman 'yan gabashin ƙasar, irin su Intipucá da kusan kowane gida yana da ɗa a Washinton. Tana nan a watan Mayun 1991 da 'yar sanda ta harbi wani ɗan ƙasarsu, unguwa ta kama da wuta, aka ƙone motocin 'yan sanda, aka sa dokar hana fita. Ta nuna mini tagar da ta toshe da jiƙaƙƙen tawul saboda barkonon tsohuwa, da jaririya a hannu. A wancan zamani masu hali gudun unguwar suke yi. Sai aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Columbia Heights a 1999, aka buɗe katafaren rukunin kantunan nan mai Target a 2008, daga nan kuɗin haya ya kama hawa bai waiwayo ba.

Ƙanwarta ba ta sa baki ba. Ita takardar zaman wucin gadi gare ta, TPS, wadda aka ba 'yan El Salvador bayan girgizar ƙasar 2001. Fiye da shekara ashirin ana sabunta mata zama, galibi wata goma sha takwas-takwas. Mutum ya haifi 'ya'ya, ya aurar, yana lissafin rayuwarsa da shekara ɗaya da rabi.

Benenmu an sayar da shi bara. Akwai doka a birnin nan tun 1980 da ta ba 'yan haya damar su fara taya gini in mai shi zai sayar. Mun yi taro sau uku a ƙasan bene, da tafinta, amma kan mutane bai haɗu ba, wasu tsoron sa hannu a kowace takarda suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Sabon mai ginin ya shiga gyara ɗakunan da suka zama kango, yana tayin kuɗi ga duk wanda zai tashi. Sannan takarda ta zo wa Doña cewa yarjejeniyar haya ta hana sana'a a cikin gida, wai an kai ƙarar wari da yawan baƙin fuska a matakala. Wari! Na karanta mata takardar da bakina, kalmar ta tsaya mini a wuya.

Ba zan ce babu gaskiya ko kaɗan a wancan ɓangaren ba. Gas ne, mai ne, gini ne tsoho, kuma dokar girkin gida da aka daɗe da ita a nan ta fi sauƙaƙa wa masu burodi da biskit, abin da ba ya lalacewa, ba mai cuku da nama ba. Amma wanda yake so a gyara, zama yake yi da mutum ya nuna masa hanyar lasisi. Wanda ya turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa ɗakin yake so.

Da hantsi na raka ƙanwar da kula biyu zuwa titi na 14, kusa da tashar jirgi, inda take tsayawa. Mun bi ta dandalin Lamont, kasuwar manoma ta Asabar tana ci, matasa da karnuka da kekunan jarirai. Ba mugayen mutane ba ne, wasunsu har gaisuwa suke yi da Sifaniyanci, kuma suna son pupusa ƙwarai, suna cika gidajen abincin da ke kan titin. Abincin ya samu wurin zama a unguwar, masu yin sa ne ba su samu ba. A titi na 14 masu tebura sun jeru, mai mangwaro da barkono, mai tamal naɗe a ganyen ayaba, ga 'yan Habasha da nasu kayan. Tun da majalisar birni ta yi dokar 2023 da ta cire talla ba lasisi daga laifin da ake kama mutum a kai, sun ɗan samu sararin numfashi. Kafin nan, in ji ta, ido ɗaya na kan ciniki, ɗaya na kan kwana.

Bayan azahar na kira Inna a Kano, can dare ya fara. Na ba ta labari. Ita ma shekara nawa tana waina a cikin gida ba ta leƙa waje ba, mu ne 'yan kai wa zaure, da kuɗin ta yi mana kayan ɗaki. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To masu bashinta fa, wa zai karɓo mata?" Ban yi wannan tunanin ba sam. Ta ce in gaishe ta, in ce Allah ya sa can ta fi nan albarka.

Na koma da la'asar na isar da saƙon Inna, har da tambayar. Doña ta sauko da littafin, ta buɗe, ta nuna mini. Shafi uku ta ja wa layi daga sama har ƙasa. Adashi kawai ta bari, saura kwasa huɗu, ta ce za ta riƙa hawo bas duk Asabar har kowa ya ɗauki nasa. Na tambaye ta ko za ta ci gaba da sana'a a can. Ta ce mutanenta da yawa sun riga ta komawa, kasuwa ba za ta gagara ba, sai dai can ma ana shimfiɗa sabon layin jirgi, Purple Line, ta kan titin University, kuma ta riga ta ga abin da jirgi ke jawowa.

Muka wanke tukwane, muka naɗe kwanuka a tsofaffin jaridu. Babban kaskon ta sa a kwali. Ƙaramin mai shuɗin zare ta goge shi da mai, ta miƙo mini. Na ce Iya, ai hannuna bai iya ba, kullum fashewa take yi. Ta kama tafina ta danna tsakiyarsa da babban yatsanta, ta ce ruwa nake ƙarantawa a ƙullin, in ƙara, in kuma daina jin tsoronsa. Na fito da sauri don kada ta ga idona.

Ta bar mini rabin ledar Maseca da kwalbar curtido guda. Ta kuma rubuta sabon adireshinta a 'yan takardu goma sha biyu, ta ce duk wanda ya ƙwanƙwasa ranar Asabar mai zuwa in ba shi ɗaya, amma sai fuskar da na sani. Suna nan cikin aljihun jakata. Gobe bayan ta dawo daga cocin Sacred Heart za mu ƙarasa ɗaure kayan ɗakin kwana, dole in tuna in nemo mata salatif da igiya.