Abin da batirin wani tsohon injin wasa ya koya mini

Tunda na bar shagon da na koyi gyaran kayan lantarki, na ga ya dace in rubuta abin da na ɗauka daga aikin tsofaffin injinan wasan bidiyo masu cin sulalla, domin masu taɓa su sun yi ƙaranci, kuma kowane fanel, wato farantin da ke ɗauke da kayan lantarkin wasan, da ya mutu ba a ƙera madadinsa.

Darasi mafi nauyi ya zo mini ne ta injin Super Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1993 a kan fanel ɗin da ake kira CPS-2. Domin hana satar fasaha, kamfanin ya kulle manhajar wasan, ya ajiye mabuɗinta a wata ƙaramar ma'adana da batir mai volt 3.6 ke riƙe da ita, ta yadda ranar da batirin ya ƙare mabuɗin zai goge, wasan kuma ba zai sake tashi ba ko da duk sauran kayan suna lafiya lau. Mai injin ya kawo shi ne saboda hoto ya dushe yana rawa, amma da na sa mita a kan batirin na ga ya yi rauni ƙwarai, sai na ce wa mai shagonmu: "Maigida, a ba ni izini in canza batirin nan kafin mu taɓa allon." Ya amsa da cewa ba a biya mu kuɗin batir ba, in tsaya a kan abin da aka sa ni.

Injin ya zauna a lungu muna jiran kafasitocin allo su iso, kuma ranar da muka gama muka kunna, hoton ya fito tas, sai dai babu komai a kansa face launi ɗaya a shimfiɗe. A gabana maigida ya gaya wa mai injin cewa yaronsa ne ya ƙona fanel ɗin da dalma, alhali ban kai ƙarfe kusa da shi ba, sannan ya zabtare kuɗin daga ɗan abin da yake ba ni. Ban musa ba, domin yaron shago ba ya ƙaryata maigidansa a gaban baƙo, amma har yau ina ganin wanda ya hana a yi gyara bai kamata ya ɗora wa mai shawarar laifin ɓarnar ba. Tun daga lokacin nake rubuta kowane awo da kowace shawara a littafin shago da kwanan wata, kuma ina ba duk mai koyo shawarar ya yi haka ko da maigidansa mutumin kirki ne.

Daga baya na karɓi mataccen fanel ɗin da aka jefar a ƙarƙashin tebur. A 2016 masu bincike sun bayyana hanyar sake rubuta mabuɗin CPS-2, sai na bi ta da Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni, da sabon batir, wasan ya tashi da hotonsa da kiɗansa. Na mayar wa mai shi ban karɓi ko kwabo ba.

Sauran darussan gajeru ne. Allon nan mai ƙusumbi yana riƙe dubban volt bayan an kashe wuta, don haka a sauke cajinsa kafin a sa hannu. A auna volt 5 a kan fanel ɗin kansa, domin tsofaffin wayoyi da bakin mahaɗar JAMMA mai haƙora 56, wadda ke haɗa fanel da sauran injin, suna cinye wani abu na wutar a hanya. Injin da aka ƙera don Japan volt 100 yake sha, ba a haɗa shi da wutarmu sai da taransifoma. Batirin Neo Geo kuwa, wani nau'in injin wasan, yoyo yake yi ya cinye layukan tagullar fanel, saboda haka shi ma a duba shi ranar da injin ya shigo shago.