Talata a ɗakin tiyata

Aikin farko yau na wani dattijo ne da ya faɗo daga babur ya karye a sangalin hannu. An fara kai shi wurin maɗori, ƙashi bai zauna daidai ba, dole sai an sa ƙarfe. Ga asma ga hawan jini, shi ya sa muka tsayar da shawara da babban likitanmu cewa ba za a sa shi barci mai nauyi a zura masa bututu a maƙogwaro ba. Hannun kaɗai za a kashe, a haɗa masa da ɗan maganin kwantar da hankali ta ƙarin ruwa.

Ta hamata muka bi da allurar kashe hannun. Allurar da ake yi ta gefen wuya takan taɓa jijiyar da ke motsa naman numfashi na wannan ɓangaren, mai asma kuwa ba a yi masa wannan kasada. Likita ya ɗora na'urar sikanin, jijiyoyin suka fito kewaye da hanyar jini, ni ina riƙe da sirinji. Kafin kowace turawa sai na ja baya in tabbatar babu jini, don in bupibaken, maganin kashe hannun, ya shiga jini kai tsaye yana iya taɓa zuciya. Na ce, "Baba, in kun ji ƙara a kunne, ko leɓe ya yi nauyi, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ku faɗa mini nan take." Saboda haka ne midazolam, maganin kwantar da hankalin da na ba shi, bai wuce miligiram 1 ba. Ina son ya natsu, amma ina son ya iya amsa mini.

Sai jira, kusan minti 20. Masu yanka sun ƙagu, wani ma ya ce a ƙara masa maganin barci a fara. Ban yarda ba. Midazolam tsoro yake kwantarwa, ba ya kashe zafi. In hannu bai mutu ba aka danne mutum da magani, zafin yana nan, numfashi ne zai ragu a banza. Na goga masa auduga mai sanyi a yatsu ɗaya bayan ɗaya, har ya ce, "'Yata, hannun nan kamar ba nawa ba." Sannan aka fara.

Yana ta gyangyaɗi, oksijin a hanci, na'urar yatsa mai auna oksijin da bugun zuciya tana ƙara daidai. Da aka kunna injin huda ƙashi ya buɗe ido yana salati, na riƙe masa ɗaya hannun, ya koma.

Da la'asar na leƙa shi a ɗakin jinya. Har ya sha kunu, babu amai. Na ja ɗansa gefe na ce a bar hannun a rataye, a nisanta shi da abu mai zafi tunda ba ya ji, kuma a ba Baba maganin ciwo tun kafin allurar ta sake shi cikin dare.