Jinin da aka ɗiba a sati na 12

Yau 'yata ta cika kwana arba'in, ni kuwa tun asuba hankalina yana kan wata 'yar kwalbar jini.

Cikina na fari jijjiga ce ta raba ni da shi, a wata na bakwai. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, zobe ya maƙale a yatsa, kowa na cewa ai haka ciki yake. Ni ma na yarda.

Wannan karon da wuri na fara awo. A sati na 12 likita ta sa aka ɗebi jinina, ta ce za a duba wasu sinadarai biyu da mabiyiya ke fitarwa, PAPP-A da PlGF. Idan sun yi ƙasa, alama ce mabiyiyar ba ta kama jikin mahaifa da kyau ba, kuma daga nan hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga, yakan samo asali, tun uwa ba ta jin komai. Nawa sun yi ƙasa. Wallahi a mota na yi ta kuka har gida.

Likitar ta ce min: "Hajiya, gwajin bai ce za ki kamu ba, ya ce mu sa ido ne." Ta ɗora ni a kan ƙaramin asfirin kowane dare har sati na 36, ana auna jinina da fitsari a kai a kai.

Abin da ke cina shi ne tsadar gwajin, ga shi ba kowane asibiti ke yi ba. Maƙwabciyata tana da cikin wata uku. Jiya ta tambaye ni kuɗin, na faɗa mata, sai ta yi shiru tana gyara wa jaririyata zani.