Daga Nuhu Bamalli zuwa aji biyu na jami'a

Wanda bai samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ba kada ya zauna gida jiran baɗi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya ta jihar Kaduna ce, kuma difilomarta ta shekara biyu na iya kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye, idan ya sayi fom ɗin DE (Direct Entry, wato shiga kai tsaye) na JAMB kuma makinsa ya kai abin da sashen yake nema.

Inda yaranmu ke tuntuɓe shi ne takardu. Kiredit biyar ake so, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. A tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB, a cibiyar da hukumar ta amince da ita. Suna kuma ya zo iri ɗaya: Muhammad a NIN, Mohammed a satifiket, wannan kaɗai na iya jawo dogon zarya lokacin tantancewa.

Idan gurbi ya fito a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, a danna karɓa, a buga takardar a adana.