Kilomita 900, sannan ɗaki mai lamba 214

Tun ana saura kwana uku in tashi Umma take cewa in nemi abokin tafiya. Na ce mata kaya ba su bar wa mutum wurin zama ba, kuma gaskiya ne: but ya cika da akwatuna biyu da kwalin littattafai, kujerar baya ta ɗauki fanka da bokiti da bargo, ta gaba kuwa jakar kwamfuta ce a kanta har na ɗaura mata bel. Amma ba shi ne dalilin ba. So nake in yi tafiyar nan ni kaɗai, ba mai ce min rage gudu, ba mai canza min tasha a rediyo.

Motar ta yayana ce, tsohuwa, ya bar min ita in yi digiri na biyu da ita. Ana gobe tafiya ya tsaya a kaina sai da na auna iskar tayoyi tun da safe kafin su ɗumama, har da safaya, na duba baƙin mai da ruwan lagireto, na gwada jak. "Ka riƙe abu ɗaya," in ji shi, "in ta yi zafi, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto sai ta huce." Na ce to, Yaya.

Awa huɗun farko daɗi kawai. Na rera waƙa da muryar da ba zan yarda wani ya ji ba, na yi gardama da mutanen da ba sa nan, na kuma ci nasara a kan kowannensu.

Wajen ƙarfe biyu na rana labari ya canza. Hanya ta miƙe ɗoɗar, ba kwana ba gargada, rana na dukan gilashi, ƙarar inji kamar ana lallashin jariri. Daren jiya ban yi barcin kirki ba saboda haɗa kaya. Na sauke gilashi, na ƙara sautin rediyo, na mari kumatuna. Duk ruɗin kai ne. Abin da na sani kawai shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, na farka na ga rabin motar ya sauka daga kwalta. Bayan na tsaya na yi lissafi, hannuna na rawa: mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Ido ya rufe daƙiƙa huɗu, ka wuce tsawon filin ƙwallo ba direba. A gidan mai na gaba na nemi inuwa, na kwantar da kujera, na yi barcin minti 20. Daga nan ban sake wuce awa biyu ban sauka na taka ƙasa ba, ko da ina jin garau.

Maganar Yaya ma ta zo. A wani dogon hawa allurar zafi ta fara haurawa. Na kashe na'urar sanyi, na kunna hita har ƙarshe don ta janye zafin inji, ni kuma ina dahuwa a ciki, na lallaɓa gefe. Rabin awa na zauna ina kallon manyan motoci suna wucewa kafin na taɓa murfin. Ruwa ne ya ragu. Na ƙara, muka ci gaba.

Duk tsawon yinin nan ban ji kaɗaici ba ko sau ɗaya. Shi ya sa abin da ya biyo baya ya zo min a ba-zata.

Na iso duhu ya yi. Mai kula da masaukin ɗalibai, wani dattijo da gilashi a kan karan hanci, ya miƙo min mukulli da takardar lissafin kayan ɗaki. "Ka duba komai kafin ka sa hannu, ɗana. Abin da ba ka rubuta ya lalace ba, kai ka lalata shi." Na yi godiya, na fara jigilar kaya a matakala, sawu bakwai.

Ɗakin ba shi da laifi, abin da ya dame ni ke nan, don da ya yi muni da na samu abin yi wa fushi. Gado biyu, tebur biyu, kabad mai ƙofa ɗaya da ba ta rufuwa sai an danna da gwiwa. Sai dai ko'ina sawun wasu ne. Ramukan ƙusa a bango inda wani ya rataye abin da ban sani ba. Jadawalin darasin wani manne a cikin kabad, an ja layi a ƙarƙashin Laraba. Katifar ta lotsa daidai jikin wani mutum da ya fi ni gajarta. Soket ɗaya tak, shi ma a ɓangaren abokin zamana, wanda ba ya nan amma takalmansa na jere reras a ƙarƙashin gado. A baranda ana ta dariya, ana kiran sunaye, ana buga ƙofofi. Kowa ya san kowa. Na zauna a bakin gado da takardar nan a hannu, sai na ji maƙogwarona ya ɗaure, ni da na yi awa 13 ba tare da kowa ba ina waƙa.

Na kira Umma na ce mata wurin ya yi kyau ƙwarai.

Barci ya ƙi zuwa, ga gajiya kamar an yi min duka. Da na rufe ido sai in ga farin layin titi yana tahowa. Famfo na ɗiga a wani wuri, wani ya ja kujera a sama, duk ina ji. Daga baya na karanta cewa masu binciken barci sun daɗe da sanin wannan hali na daren farko a baƙon wuri, har wasu a Jami'ar Brown ta Amurka suka nuna a 2016 cewa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa sosai a wannan dare, yana zama kamar mai gadi. To nawa mai gadin ya yi aikinsa tsakani da Allah.

Abokin zaman nawa ya shigo da sassafe, dogo, mai magana a hankali. Muka gaisa, ya kalli wayata da ta mutu, bai ce komai ba ya jawo wata doguwar waya mai soket huɗu daga bayan tebur ya ajiye a tsakiyar ɗaki.

Yau kwanana tara. Na san wane banɗaki ne ruwansa ya fi ƙarfi, na juya katifar, na cire jadawalin mutumin Laraba na manna nawa. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba: kullum da yamma sai na sauka wurin ajiye motoci, in shiga in zauna a bayan sitiyari ban kunna ba, minti goma ko sha biyar. Kujerar nan kaɗai ce ta san jikina. Kwalin littattafai ma yana but har yanzu, shi ne uzurina.

Jiya ina zaune sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Abokin zamana ne, da bokiti a hannu. "Malam, kwalin nan naka, in nauyi ne ya hana, mu kama tare."

Na ce masa ya bari sai Asabar.