Godiya Ga Masu Dawakin Garinmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya aka rufe hawan dokin da ake yi wa yaranmu masu lalura a filin firamaren ƙauyenmu, nan ƙasar Ringim, sai kuma bayan damina in Allah ya kai mu. A madadin iyayen yara nake wannan godiya.

Ranka ya daɗe Hakimi, dawakin da sai ranar hawan Sallah muke hango su cikin ado, ka kwance su daga turke ka ba 'ya'yan talakawa. Allah ya ƙara girma.

Sai likitar gashin ƙashi da ke zuwa daga Dutse. Ɗiyata shawara ce ta kama ta tana jaririya har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ƙafafunta suka sanƙare, zama ma sai an tokare ta da matashi. Likita ta fahimtar da mu cewa idan doki na tafiya a hankali yakan juya ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, kamar shi ke taku da ƙafarsa, ɗumin jikin dokin kuma yana sassauta jijiyoyi. Shi ya sa ba a ɗaura sirdi, bargo ake shimfiɗawa. Ba ta yi mana alƙawarin warkewa ba, kuma ba ta ɗora yaro sai ta duba shi. Mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba cewa ta yi a fara da magani. Gaskiyar nan tata ce ta kwantar min da hankali. Iyayen masu shan inna kuwa ta ba su labarin Lis Hartel 'yar Denmak, wadda cutar ta shanye mata ƙafafu amma ta ci lambar azurfa a kan doki a gasar Olamfik ta 1952.

Baba mai kula da barga, ban san da bakin da zan gode maka ba. Kai ka zaɓo tsohuwar goɗiya mai sanyin hali, ka riƙe ragama cikin rana, samari biyu na dafe da yarinya ta kowane gefe, kana cewa, "Ɗago kai, jikata, ga babanki can." Ranar da ta saki geza ta ɗaga min hannu, wallahi sai da na juya baya na share hawaye. Yanzu tana zama a tabarma ba tokari har ta cinye tuwonta.

Samarin gari, Allah ya yi muku albarka. Kafin a dawo muna neman ƙananan hulunan kwano, domin na 'yan acaɓa sun yi wa yara girma da nauyi. Mai hali ya tuntuɓi Mai Unguwa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba yaranmu lafiya.